Masu Jiran Shi'ira da Asuba

Babu gwaninta a ganin Shi'ira cikin watan Janairu. Duk wanda ya fito tsakar gida bayan isha'i ya ɗaga kai wajen kudu maso gabas zai gan shi, fari fat, yana ƙyalli har da ɗan shuɗi-shuɗi, ya danne duk taurarin da ke kewaye da shi. Yaro ma zai nuna maka shi. Inda gwanintar take shi ne a san daren da za a yi masa ganin ƙarshe, a san kwana nawa zai yi a ɓoye, sannan a tsaya a wurin da ya dace da asubar da zai sake leƙowa, a kama shi cikin 'yan mintocin da suka rage kafin gari ya waye. An yi mutanen da wannan ne aikinsu har ƙarshen rayuwa, kuma abin da suka ciro daga cikinsa da ido tsirara yana nan a kalandar da ke rataye a ɗakunanmu.

Shi'ira shi ne tauraron da ya fi kowanne haske da dare. Turawa suna ce masa Siriyus. Na san wani zai ce ina aka bar Zara matar wata, wadda in ta koma fitowar asuba muke kiranta Gamzaki? Gaskiya ne ta fi shi haske nesa ba kusa ba, Mushtari ma ya fi shi. Sai dai waɗannan duniyoyi ne masu kewaya rana, haskenta suke aro, kuma yawo suke yi a tsakanin taurari, bana nan baɗi can. Shi kuwa Shi'ira rana ce mai zaman kanta, ta ninka tamu biyu a nauyi, ta ninka ta wajen ashirin da biyar a haske, nisa ne kawai ya mayar da ita ɗigo. Hasken da ya shigo idonka yau ya yi shekara takwas da rabi da 'yan kai a hanya. Mai lura yana raba su da kallo ɗaya: hasken Zara da Mushtari a tsaye yake, ba ya rawa, shi kuwa Shi'ira ƙiftawa yake yi, in yana ƙasa-ƙasa ma har ka ga yana watso ja da kore da shuɗi.

Hanyar gane shi ba ta da wuya. Akwai taurari uku da ke jere reras, tazararsu ɗaya, a tsakiyar rukunin da Larabawa ke kira Jauza'u. Miƙa hannunka gaba ka dunƙule shi. Faɗin wannan dunƙulen a sama wajen digiri goma ne, kuma wannan awo yana yi wa babba da yaro daidai, don mai dogon hannu shi ne mai babban dunƙule. Ka bi layin taurarin ukun ta gefe guda, dunƙule biyu, ka iso Shi'ira. Ka bi ta ɗaya gefen, za ka wuce kusa da Dabaran mai ja-ja, ka faɗa kan Kaza da 'ya'yanta. Wanda ya yi wannan sau biyu ba ya sake tambaya.

Daga nan ne aikin ke farawa, kuma duk ya rataya ne a kan minti huɗu. Kowane tauraro yana riga jiyansa fitowa da minti 3 da daƙiƙa 56. Dalili kuwa, duniya tafiya biyu take yi a lokaci guda: tana juyawa a kanta, tana kuma kewaya rana. Cikin awa 23 da minti 56 ta gama juyi, tauraro ya dawo inda yake jiya. Amma da yake ta ɗan matsa gaba a kan hanyarta, sai ta ƙara juyawa na kusan minti huɗu kafin ta sake fuskantar rana yadda ta yi jiya. Agogonmu rana yake bi, shi ya sa muke ganin taurari suna yi mana gaba. Minti huɗu ba a jin sa a dare ɗaya. A mako ya kusa rabin awa, a wata ya zama awa biyu, a shekara ya cika yini guda cur, a koma inda aka fara.

Don haka wanda ke bin Shi'ira daga Kano ko Zariya ko Maraɗi zai ga shekararsa tana tafiya kamar haka. Farkon Nuwamba yana fitowa tsakanin ƙarfe goma da sha ɗaya na dare. Farkon Janairu da magariba yake fitowa, tsakar dare yana tsakiyar tafiyarsa, ya faɗi da asuba, dare ɗungurungum nasa ne. Farkon Maris kana fitowa daga isha'i za ka same shi ya riga ya hau can ƙoli ta kudu, dunƙule shida daga ƙasa in kana Kano, kuma in ka sauke ido ƙasa da shi sosai za ka ga wani fari shi kaɗai, wannan shi ne Suhailu, na biyu a haske. Cikin Mayu, duhu yana shiga za ka tarar ya gangara yamma. Kowace magariba yana ƙara kusantar jan da rana ta bari. Wajen kwana goman farko na Yuni sai wata magariba ta zo, ka duba, ka sake dubawa, babu shi.

Bai je ko'ina ba. Yana fitowa yana faɗuwa kullum, amma tare da rana, kuma a cikin haskenta ba shi da bambanci da aci-balbal da aka kunna a fili da rana tsaka. Rana kuma tana ci gaba da matsawa gabas a tsakanin taurari, kusan digiri ɗaya kullum, har ta wuce shi. Ranar da ta ba shi tazarar da ta isa, sai ya riga ta fitowa da ɗan lokacin da ido zai iya kama shi. A ƙasar Hausa wannan ɓuyan yakan kai kusan mako shida, ya dawo bayan tsakiyar Yuli. A arewacin Masar yakan kai wajen kwana saba'in.

Ga yadda gwani ke kama wannan asubar. Shirinsa ba a Yuli yake farawa ba, tun kaka ne. Abin da ya dogara da shi shi ne tauraro ba ya sauya mafita. Rana takan fito yau ta nan, bayan wata uku ta can, tana kai da komo tsakanin arewa da kudu. Shi'ira kuwa in ka tsaya a wuri ɗaya, ta ƙofa ɗaya zai fito maka duk shekara, kusan dunƙule biyu dama da gabas sosai. To, a Oktoba ko farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, sama ta wanku, hazo bai sauko ba, tauraron kuma yana fitowa cikin duhu sosai. A lokacin ne mai lura zai sami wuri mai tudu wanda gabas ɗinsa ke buɗe, ya zaɓi inda zai dinga tsayawa, ya kafa dutse ko turke a wurin. Ya jira tauraron ya ɓullo, ya ga ta kan me ya ɓullo: ta hagun wata kuka, ko ta tsakanin giginya biyu, ko ta kafaɗar wani dutse mai nisa. Alamar ta fi kyau in tana nesa, don in tana kusa, taku biyu gefe ya isa ya ɓata awon. Ya riƙe wannan a ka, ya bar shi wata takwas ko tara.

Ranar da lissafinsa ya ce lokaci ya kusa, zai fara fita tun da sauran kwanaki, don ganin farko ba ya tabbata sai an yi fitar da ba a ga komai ba kafinsa. Wannan shi ne abin da mai gaggawa ba ya iyawa. In ka fita rana ɗaya ka gan shi, ba ka san ko jiya ma yana nan ba. Sai wanda ya tsaya jiya da shekaranjiya cikin sama mai kyau bai gani ba, shi ne zai iya cewa yau ne.

An sallame sallar asuba, da sauran duhu. Taurari ukun nan sun riga sun fito, don suna riga Shi'ira da fiye da awa ɗaya, suna rataye a gabas suna nuna ƙasa. Jan alfijir yana tasowa, amma ba ta inda ake jira ba. A Yuli rana ta arewa maso gabas take fitowa, don haka cibiyar hasken tana hagu, tazarar kusan dunƙule huɗu daga alamar. Mai lura zai kare wannan gefen da tafin hannu ko gefen rawani don kada hasken ya cika masa ido, ba zai kunna tocila ba, ba zai duba waya ba. Ƙananan taurari suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ukun da ke jere ma sun fara dushewa. A daidai wannan lokacin, wajen rabin awa da 'yan mintoci kafin fitowar rana, tauraron ya riga ya ƙetare bakin ƙasa, amma ba a ganinsa tukuna, don hasken da ya taho ta gefen sama sai ya ratsa iska da ƙura kusan ninki arba'in na wanda ya sauko ta tsakar ka. Sai ya ɗaga kamar faɗin yatsa biyu. Ga shi yana hawa yana ƙara ƙarfi, ga sama tana wayewa tana ƙara cinye shi. Tsakanin waɗannan biyun akwai 'yar ƙofa ta mintoci kaɗan.

Akwai wata dabara a nan da ba kowa ya sani ba. Idon mutum in ya kalli fili fayau babu abin kamawa, sai ya saki, ya koma ganin kusa, ɗigon haske mai nisa ya narke masa ko da yana gabansa. Shi ya sa gwani ba ya yawo da ido a sama. Zai kafa shi a kan reshen kukar nan mai nisa har ta fito masa sarai, sannan ya ɗaga kaɗan, ya tsaya. Can sai wani ɗigo ya yi ƙyal, ya ɓace. Ba zai ce komai ba tukuna, don ido mai jira yana iya ƙirƙiro abin da yake so. Ya sake yin ƙyal a wurin, ɗan sama kaɗan, ɗan dama kaɗan, yadda tauraro ke hawa. Yanzu ya tabbata. Minti biyu ko uku, gari ya waye, shi ke nan. Gobe zai riga yau da minti huɗu, ya fi sauƙin gani. Bayan mako guda kowa ma zai gan shi, amma a lokacin labari ya riga ya wuce.

A wajenmu wannan asubar takan faɗo ne a bakin marka, lokacin da gabas ke kwana da gajimare, don haka sau da yawa hadari ne ke yanke hukunci. Waɗanda Allah ya ba sama marar ruwa a wannan watan su ne mutanen Masar, kuma su ne suka kai wannan sana'a inda ba wanda ya kai ta a zamaninsu.

Masar ƙasa ce da kusan ba a ruwan sama. Abincinta duk a wuyan Kogin Nilu yake. A daidai watannin da damina ke sauka a kanmu, ruwa yana zuba a tsaunukan Habasha, ya cika tafkin Tana da rafukan da ke ƙasa da shi, ya gangaro ta reshen Nilu da ke wuce Sinnar da Mai Wurno, garin da mutanenmu suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, ya haɗu da ɗaya reshen a Khartum, ya nufi arewa ɗauke da baƙar laka. A dā, in ya iso Masar sai ya hau gonaki ya kwanta, ya janye ya bar musu taki. Manomin Masar bai taɓa ganin ruwan da ke ciyar da shi yana zuba ba. Abin da ya gani shi ne, kwanakin da kogi ke fara tashi su ne kwanakin da Shi'ira ke dawowa da asuba. Sunansa a bakinsu Sofdet. Kogin yakan yi sauri wata shekara, ya yi nawa wata shekara, amma tauraron ba ya saɓawa. Don haka shi suka riƙe a matsayin mabuɗin shekara.

A ɗakunan bautarsu akwai mutanen da aikinsu tsaron sa'o'in dare. Suna hawa saman gini su zauna. Kayan aikinsu biyu ne: 'yar sanda mai igiya da nauyi a ƙasa, don a sami layin da ya miƙe tsaye, da zarbar dabino da aka tsaga kanta, ana leƙawa ta tsagar. Ban da Shi'ira, sun zaɓi taurari da rukunai har suka cika talatin da shida, kowanne yana yin fitowarsa ta asuba kwana goma bayan na gabansa. Da jerin fitowarsu suka raba dare kashi goma sha biyu, kuma an samu jadawalin wannan a zane a cikin murafen akwatunan gawa na garin Asyut, masu shekara wajen dubu huɗu. Awa goma sha biyun da ke fuskar agogo tana da jijiya a can.

Akwai wata wasiƙa da nake ganin ta fi kowane gini nuna ko su wane ne waɗannan mutanen. An same ta a Lahun, kusa da Fayyum, tana ajiye a Berlin yanzu. An rubuta ta a shekara ta bakwai ta sarautar wani Fir'auna, wanda yawancin masana suka tafi a kan Senusret na Uku ne, kusan shekara 3,900 da suka wuce. Wani babba ne ke sanar da ma'aikatan ɗakin bauta cewa fitowar Sofdet za ta kasance ran 16 ga wata na takwas, su shirya. Kwanan watan da ke kan wasiƙar ya riga wannan ranar da mako uku. Wato lokacin da yake rubutu, tauraron yana ɓoye, ya fi wata ɗaya ba wanda ya sa shi a ido, amma mutumin ya faɗi ranar kai tsaye don a tanadi abin biki. Ba a kai wa ga irin wannan natsuwa sai an gaji rubutun mutane da yawa da suka tsaya a kan rufi ɗaya, kowa ya rubuta abin da ya gani ya bar wa na baya.

Mai karatu zai lura da wani abu: tauraron da aka ce mabuɗin shekara ne, me ya kai shi wata na takwas? A nan ne babban abin yake. Kalandar hukuma ta Masar wata goma sha biyu ce, kowanne kwana talatin, a ƙara kwana biyar a ƙarshe, 365 ke nan, babu ƙari har abada. Shi kuwa Shi'ira, daga fitowar asuba zuwa ta gaba, kwana 365 da rubu'i yake ɗauka. Rubu'in yini ba abin da ido zai gani ba ne a shekara ɗaya. Abin da ido ke gani shi ne: bana ran kaza, baɗi ran kaza ɗin, haka ta uku, haka ta huɗu, sai a ta biyar ya ƙara kwana ɗaya. Kuma wannan kwana ɗayan yana ɓoye a cikin ƙura da hazo da bambancin idon tsoho da na saurayi, waɗanda kowannensu zai iya jawo kuskuren kwana ɗaya ko biyu. Sai an tara shekaru. Wanda ya yi shekara arba'in yana wannan tsaro zai ga ranar ta matsa kwana goma tsakanin ƙuruciyarsa da tsufansa. A shekara 120 ta matsa wata guda. Ranar da ke cikin wasiƙar Lahun tana da tazarar kwana 225 daga ranar farko ta shekara; ninka da huɗu, shekara ɗari tara ke nan tun da kalanda da tauraro suka rabu. Ba za su sake haɗuwa ba sai an cika shekara 1,460. Wani marubucin Rum mai suna Sensorinus ya rubuta cewa an yi irin wannan haɗuwar a shekara ta 139 bayan haihuwar Annabi Isa.

Sun kuma yi dace da tauraron da suka zaɓa. Saboda inda Shi'ira yake a sama, a waɗannan dubban shekarun tazarar fitowarsa ta asuba a Masar ta tsaya kusan daidai a kan 365 da rubu'i, ba kamar yawancin taurari ba da tasu ke ɗan zarcewa. Amma sai da aka sami masu tsayawa kafin dacen ya yi amfani.

A shekara ta 238 kafin haihuwar Annabi Isa, zamanin sarki Batalimus na Uku, manyan masu hidimar bauta suka taru a garin Kanobus suka fitar da doka, aka sassaƙa ta a dutse da rubutu iri uku. Dokar ta ambaci yadda fitowar tauraron ke matsawa kwana ɗaya duk shekara huɗu, ta ce daga yanzu a dinga ƙara kwana na shida a kan biyar ɗin nan duk shekara huɗu, don bukukuwa su daina yawo daga rani zuwa sanyi. Mutane ba su bi ba, al'ada ta fi ƙarfin dutse. Sai bayan kusan shekara ɗari biyu Yuliyus Kaisar, da shawarar wani masani na Iskandariyya mai suna Sosijinis, ya ɗora wannan tsarin a kan kalandar Rum, ta fara aiki a shekara ta 45 kafin haihuwar Annabi Isa. Aka yi mata ɗan gyara a 1582, ita ce ta bature da muke amfani da ita. Ran 29 ga Fabrairu da ke zuwa duk shekara huɗu, rubu'in nan ne aka tara. Kiristocin Masar da mutanen Habasha kuwa har yau watanninsu kwana talatin-talatin ne, da biyar ko shida a ƙarshe.

Ya kamata in faɗi wani abu a fili, don a wajenmu da an ce taurari sai zuciya ta tafi wajen duba. Misrawan dā sun ɗauki wannan tauraro abin bauta, wasu Larabawan jahiliyya ma sun bauta masa, kuma masu tafsiri sun ce wannan ne ya sa aka ambace shi da sunansa a aya ta 49 ta Suratun Najmi, don a nuna halitta ne mai Ubangiji. Abin da nake yabawa idonsu ne da haƙurinsu da amanar rubutunsu. Malamanmu tun tuni sun raba abu biyu: cewa tauraro yana sa arziki ko tsiya, wannan ɓata ne, sanin lokaci da alƙibla da hanya ta wurin taurari kuwa ilimi ne mai amfani. A kan na biyun ne malaman hisabi na ƙasar Hausa suka riƙe masaukan taurari ashirin da takwas, bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari, kowanne kwana goma sha uku, Jabha kaɗai sha huɗu, a tashi da 365. Tsohon manomi da ke cewa Zira'a ta shiga, ko yana jiran Nasara da Ɗarfa, yana magana ne da harshen wannan ilimin, kuma asalinsa shi ma tsayuwar asuba ce, a ga wane tauraro ya fito, wanne ya faɗi. Abin da ke damuna shi ne yau ya koma lissafin takarda. Za ka sami mai iya jero sunayen duka ba tuntuɓe, ka ce ya nuna maka Zira'a a sama, ya rasa. Fitilun gari sun cinye gefen sama, gine-gine sun tare gabas, masu nunawa kuma suna ƙarewa. Ga shi kuwa gani ya kori ji, kuma abin da ake bukata bai wuce wani dattijo ya fita da yara bayan gari da dare ya miƙa hannu ba.

Rubuta abin da aka gani, ko ba a san amfaninsa ba, shi ne rabin sana'ar. A 1718 wani masani na Ingila, Edmond Halley, ya gwada inda Shi'ira yake a zamaninsa da inda masanan Girka suka rubuta yana nan kusan shekara dubu biyu kafinsa. Ya tarar ya gusa da wajen faɗin wata ɗan daren sha huɗu. Ashe taurarin da ake cewa kafaffu su ma tafiya suke yi. Waɗanda suka auna na farko ba su san za a yi wannan tambayar ba, sun dai rubuta daidai. Daga baya, a 1844, Bajamushe Friedrich Bessel ya lura tafiyar tasa tana ɗan karkacewa, ya ce lallai akwai wani abu mai nauyi da ke jan sa, kuma a 1862 aka hango ɗan ƙaramin abokin nasa da madubin hangen nesa a Amurka.

Ambaliyar Nilu ta daina hawa gonakin Masar tun da aka gina babbar madatsar Aswan, wadda aka kammala a 1970, kuma a hankali ranar ta gusa, yanzu sai farkon Agusta mutanen Alƙahira ke ganin fitowar. Amma tsofaffin rubuce-rubucen ba su daina aiki ba. Da wasiƙar Lahun da 'yan uwanta masana tarihi ke ƙoƙarin sanya wa sarautun Fir'aunoni shekara, tunda ranar fitowa a kalandar Masar tana faɗin inda ake a cikin zagayen 1,460. Matsalar ita ce ranar ta danganta da inda mai kallo ya tsaya: duk digiri ɗaya da ka matsa kudu, kana riga na arewa gani da kusan kwana ɗaya. Mutumin Kumasi zai riga na Kano, na Kano ya riga na Agadas. Haka a Masar, mai tsaye a Aswan yana riga mai tsaye a Memfis da kwana biyar ko shida. Kowane kwana ɗaya kuwa shekara huɗu ne a lissafin tarihi. Shi ya sa masana ke ta muhawara a kan garin da mai tsaron ya tsaya, don tsakanin rufin Aswan da na Memfis akwai bambancin shekara ashirin da wani abu a zamanin sarki guda.